Fuskokin da Yaya Binta Ta Zana

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Binta. Na so in tuna da ita cikin natsuwa, amma abin da na gani makon jiya ya hana ni.

Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa. In ta taso daga aiki ta dawo gida Gyadi-Gyadi, sai ta ɗaura tsohon zani, ta shimfiɗa leda a baranda, ta hau zana fuskokin mata da fenti. Ta zana Inna Talatu, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin layinmu, har da ni. Ta zana shugabar firamarenmu, wadda ke bi gida-gida tana karɓo 'yan mata zuwa aji. Ta zana wata likita 'yar Ghana da ta koya mata aiki. Goma sha huɗu ta gama kafin ciwon ƙoda ya kwantar da ita.

Launin fata ne ya fi ba ta wahala. Sati uku ta yi tana haɗa fenti don fuskar Inna Talatu. Na ce, "Yaya, ba baƙa ba ce? Ki shafa baƙi mana." Ta harare ni ta ce, "Je ki dube ta da hantsi, ki dawo ki gaya min ko launi ɗaya kika gani."

Kwanan baya wata ƙungiya ta ari zanukan don taron karrama mata a Tarauni. Na ba su da murna. Da na isa, sai ga ƙaton allo a bakin ƙofa ɗauke da fuskar Inna Talatu. An ɗauki zanen a waya, an haskaka fuskar a kwamfuta har ta koma fara, an share tsagar kumatunta, an rage mata hanci. Zanukan kansu an jingine su a bayan kujeru, kusa da kulolin abinci.

Na nemo shugabar taron na ce, "Hajiya, wa ya ce ku taɓa fuskar nan?"

Ta ce, "Ayya Malama, ai ta cika duhu, ba za ta fito a hoto ba. Ɗan gyara ne kawai."

Ɗan gyara! Daga nan aka shiga jawabi a kan darajar baƙar mace, ana ta tafi. Ko sunan mai zanen ba a ambata ba. Da Yaya na nan, na san ba za ta ɗaga murya ba, kallo ɗaya za ta yi wa Hajiya ta kama gabanta. Ni ba ni da haƙurinta. Na tare adaidaita sahu, na kwashe zanukan ɗaya bayan ɗaya a gaban manyan baƙi.

Ban wuce gida ba, Darmanawa na nufa, wurin 'yar Inna Talatu, wadda ita ma yanzu ta yi jikoki. Na jingine zanen a tsakar gidanta. Ta ƙura masa ido, sannan ta ce, "Inna ce. Har yadda take matse baki in za ta yi faɗa." Ta zauna a kan turmi tana kuka.

Yaya ba ta samu ɗakin baje koli ba, ba ta samu lambar yabo ba. Amma ta kalli matan nan da kyau, har 'ya'yansu na gane su. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan Inna. Saura zane goma sha uku a ɗakina, ina cigiyar iyalansu. Ƙungiyar ta turo saƙo tana neman aron su baɗi, ta kira ni sau biyu, ban ɗaga ba.