Malam Bawa da Na'urar da Ba Ta Zo Ba

Ku da kuka san Malam Bawa kun san ba ya shan ruwa sai ya ɗaga kofin ya duba shi a rana. Ɗabi'ar aiki ce. A Ingila ya yi karatu, kan wata na'ura mai haska furotin, sinadarin nan mai gina jiki, ta nuna ko yana nan a naɗe ko zafi ya warware shi. Da ya dawo kwalejinmu ta Birnin Kebbi, lokacin muna Jihar Sakkwato, aka yi masa alkawarin irinta. Burinsa ya auna furotin ɗin giwan ruwa kafin ya mutu.

Ni tarihi nake koyarwa, amma ni ya kama ya riƙe da wannan zance. Wai furotin ba ya zama sai cikin wani ruwan haɗi da ake kira bafa, kuma ba kowane bafa haske ke ratsawa ba.

Mun je Argungu sayen kifi, mai kifin ya ɗebo gishiri zai barbaɗa. Malam ya riƙe masa hannu caraf.

"Kai! Gishiri shina shanye haske!"

Mutumin ya dube ni. "Malam, wanga lahiyatai ƙalau? Kihi na, ba hitila ba!"

Mutane ma kashi biyu ya raba su, da sunayen bafa iri biyu. Akwai fosfet, mai amana, ko zafi ko sanyi halinsa ɗaya. Akwai tiris, da ya ji zafi ya sauya. Wani ya zo neman auren ƙanwar Malam, sai Malam ya zaunar da shi a rana tsaka yana ta jansa da hira. Da bawan Allah ya fara tsaki, Malam ya raɗa mini, "Tiris na."

Duk mako sai ya zubar da tsohon fosfet ya haɗa sabo, don kada na'ura ta iso ta iske ya lalace. Muna ta dariya. Wata rana na ce, "Haba Malam, shekara nawa? Ka huta mana!"

Ya ci gaba da wanke kwalba. Can ya ce, "Garin ga duka babu wanda zan yi maganar ga da shi, Sani. In ina haɗawa, ji nike kamar wani shina tahe."

Wallahi maganar ta taɓa ni. Ba wanda ya taho. Ya rasu bai auna komai ba.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya ɗebe masa kewa a kabarinsa. Amin.