Ƙarfen da na sayo wa auta

Autata malamar makaranta ce a Kebbe, can take aure. A hutun ƙarshen shekara ta ɗaura niyyar zama jarrabawar haɗa kwamfutoci, mai ba da satifiket ɗin da take fata zai kai ta ga aiki mafi tsoka. Littattafai tana da su, abin da ta rasa shi ne kayan da za ta gwada da hannu kafin hutu ya ƙare. Ta rubuto mini a takarda: suwic biyu ƙanana da rauta ɗaya, wato na'urorin da ake haɗa kwamfutoci da su, na gwanjo, kada su ci wuta.

Na kai takardar shagon wani ɗan aminina a Tambuwal, mai sauko da tsofaffin kayan ofis daga Legas. Ya fito da ƙananan, na ɗaga ɗaya na ji shi sakayau kamar gwangwanin da aka shanye. A lungu kuwa ga wani ƙaton suwic na ƙarfe, bakinsa cike da ramukan waya, kuma bai kai ukun nan tsada ba. Na yi shekaru ina tuƙa manyan ma'aikata a Jidda da Abijan, na sha leƙa ɗakuna masu sanyi inda ake jera irinsa. Mai shago ya so ya yi magana, na ce masa na ga waɗannan a Jidda tun yana goye. Na taya, ya sallama, na ɗaure a bayan babur.

Da muka kunna shi a ɗakinta, fankokin cikinsa suka ɗauki kuka kamar injin niƙa. Gidan da sola suke amfani, kuma tsakanin azahar da la'asar ya zuƙe batir ƙaf. Mijinta ya fita duba awaki, don kunya.

Ita ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, ko da bai sha wuta ba, da wa zai yi magana? Ni abin da nika koyo shi ne yadda wannan ka gai da wancan ya amsa."

Larabcin da na iya ba a gaban babban malami na same shi ba, a bakin garejin mota ne, ina faɗi ana dariya ana gyara mini. Faransanci ma haka. Ban taɓa ganin wanda ya koyi harshe shi kaɗai a ɗaki ba, amma ga shi na sayo wa ɗiyata baki ɗaya tilo.

Wahalar ita ce, a wurinmu in an sallama ciniki ya ƙare, balle ga mai furfura da ya yi cika baki. Kwana biyu ina juya abin. Mutuncina a kasuwa zai jure ɗan ƙwarzane, hutunta kuwa ba ya jira.

Rana ta uku na koma Tambuwal. Mai shago na ganina da ƙarfen ya yi murmushi. "Baba Alhaji, Jiddar ce ta ƙi karɓa tai?" Maƙwabtansa suka yi dariya, na bar su suka ƙoshi. Ya ce rautar ta riga ta tafi, ya ba ni suwic biyun. Na kira auta, ta ce ba komai, za ta kwaikwayi rautar a cikin kwamfutarta.

Washegari na zauna a tabarma ina kallo ta haɗa su da waya shuɗiya. Ta buga wasu kalmomi, ba amsa. Ta gyara, ta sake bugawa, sai layuka suka fara sauka a allo ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wancan ne yake amsawa. Ta cire wayar da gangan, ta ɓata abin da ta shirya, ta soma daga farko. Na ga ba ta da sauran buƙatata, na nemi takalmana.