Atishawar Inna

Tsohuwar tana zaune a ɗakin jira na likitan haƙori, siririya, kuncinta na dama a kumbure, tana danna masa ƙanƙara cikin ƙyalle. Jiya aka yi mata aiki, yau ta dawo a duba ta. Ƙashin muƙamuƙinta na sama ya zaizaye, dashen haƙori ba zai kama ba, don haka likita ya ɗaga fatar ramin da ke gefen hanci, ya cika wurin da garin ƙashi. Sai ya haɗe, bayan watanni, za a dasa.

Ɗaya hannun nata yana ta kai mayafi baki. Da gani ta daɗe tana ɓoye giɓi.

"Inna, a shekarunki wa zai duba haƙoranki?" in ji 'yarta. "Da na roba kika sa, kika huta."

"Ni zan duba. Kuma ni zan tauna."

Sai ga atishawa ta taso wa tsohuwar. Tun jiya likita ya gargaɗe ta cewa in ta danne atishawa, aikin zai lalace. Ta sauke mayafin, ta wangale baki ta saki abinta, har mai shara ya waiwayo.

"Haba Inna, rufe bakin mana!"

"Na gama rufewa, 'yar nan."