Kawu Ido-Mudu da Mariƙin Baka

Kawuna tela ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Ido-Mudu ake ce masa. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa tun ina yaro, amma ban taɓa ganin ya taɓa jikin mutum ba. In ka kawo yadi, sai ya dube ka daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Je ka, na gani." In riga ta matse ka, ƙiba ka yi bayan ka tafi. In ta yi maka yawa, ramewa ka yi, har ya tambaye ka ko lafiya. A wurin Kawu riga ba ta laifi, jiki ne ke saɓa alkawari.

Da bayansa ya fara ciwo saboda zama a kan keken ɗinki, likita ya ce ya nemi motsa jiki. Gudu, Kawu ya ce na marasa gaskiya ne. Ƙwallo kuwa ta yara ce. Sai ya ji labarin ƙungiyar masu harbin baka da ke taruwa ranar hutu a filin bayan makaranta. Wannan ta yi masa, don a tsaye ake yi, wuri guda.

Ya je shagon kayan wasanni. Ga bakuna na katako jere a bango, irin na gargajiya waɗanda ƙarshensu ke lanƙwasa ya koma gaba. Mai shago ya ce, "Baba, riƙe su ɗaya-ɗaya ka ji. Kowanne mariƙinsa daban, hannu ne ke zaɓa."

"Ɗan nan, ni za ka koya wa awo?"

Ya nuna wani da haɓa, mai mariƙi kamar ƙotar gatari. Mai shago ya kalli hannun Kawu, ɗan siriri, irin na mai zura zare a allura, ya sauko da wani mai siririn mariƙi.

"Mayar da shi," in ji Kawu. "Wannan ai na 'yan makaranta ne. Naɗe mini wancan."

Ko taɓa shi bai yi ba sai a fili. A nan ne aka ga yatsunsa ba sa zagaye mariƙin. Sai ya shaƙe shi da ƙarfi kamar ya kama ɓarawo, baka ya murɗe, tsirkiya ta zane shi a hannu. Kibiyar farko ta faɗa bokitin ruwan sha. Ta biyu ta huda lemar Koci, mai horar da su.

"Allon harbin nan a karkace yake," in ji Kawu.

Koci ya ce, "Baba, allo lafiyarsa ƙalau. Baka ba a shaƙe shi. Zama yake yi a tudun babban yatsa, sauran yatsu a sake. Wannan ya fi ƙarfin tafinka. In mako mai zuwa kibiyarka ta sake bin mutane, ba za ka ƙara tsayawa a layin maharba ba."

Maganar ta soki Kawu. Ya riga ya gaya wa duk layinmu ya zama maharbi, har ya ɗinka wa kansa falmaran mai aljihu ko'ina. In aka kore shi, kowa zai san idon nan ya yi kuskure, kuma akwai mutane da yawa masu matsattsun riguna da ke jiran wannan rana.

Ya koma shago ya yi gyara irin na tela. Abin da bai zauna daidai ba, soso ake sa masa. Ya ɗauko soson kafaɗar kwat ya naɗe mariƙin, ya bi shi da shafi. Ƙotar gatari ta zama cinyar rago.

Inna, matarsa, wadda ta yi shekaru tana kwaɓa fulawa a gidan burodi, ta ce za ta raka shi. "Ko don in ba mutane haƙuri, Malam."

A fili, kafin a fara, sai soson ya zame, baka ya suɓuce ya faɗi. Inna ta ɗauka, ta yaye tsummokaran. Koci ya ga yadda katakon ya kwanta a faffaɗan tafinta.

"Mama, tsaya haka. Ja mu gani."

Ta ja kamar tana miƙa kwaɓi, ta saki. Kibiya ta kafe a allo. Ba tsakiya ba, amma allo dai.

Koci ya juya. Ya miƙa wa Kawu wani baka na ƙungiya, mai siririn mariƙi, ƙanin wanda ya raina a shago. Kawu ya karɓa yana kallon wani wuri. Abin haushi, ya zauna a hannunsa kamar almakashinsa. Ya harba, ya samu gefen allo, kuma bokiti ya tsira.

"Ka tsaya a layi, Baba," in ji Koci.

Kawu ya gyara falmaran, ya dubi jama'a. "Dama wancan ita na saya wa. Da ido na auna hannunta."

"Allah ya saka da alheri, Malam," in ji Inna. "Saura rigata ta bara, har yau ba ta shige ni ba."

Yanzu duk ranar hutu tare suke fita. Kawu ya sayi siririn, ya ɗinka masa jaka wadda za ta ɗauki biyunsa. Ita ma da ido ya auna ta.