Direban Da Ya Ranta Wa Gwamnati

Da ya ajiye tuƙin babbar mota, bai sayi fili da kuɗin sallamarsa ba, bai kuma buɗe shago ba. Banki ya nufa ya sayi takardar lamunin gwamnati. Wato ya ranta wa gwamnati kuɗi, tana ba shi 'yar riba duk shekara, in wa'adi ya cika ta mayar masa da uwar kuɗinsa. Tun daga nan tafiyar Direba ta canza. In aka gyara titi, sai ya je ya taka kwaltar da ƙafa, ya ga ko an kashe kuɗinsa da hankali.

Matarsa ba ruwanta da titi. Kwanon rufinsu ya ci tsatsa, ɗakuna biyu suna yoyo, bokitai sun ƙare har an shiga tukwane.

Wata safiya rediyo ya ce ribar takardun gwamnati ta tashi, hankalin 'yan kasuwar hannun jari ma ya tashi. Direba ya ɗauka ƙarin albashi aka yi masa. Ya goge takalmi.

"Yau zan sayar da takardar nan, a yi miki rufi har da fenti."

"Allah ya sa, maigida. Ka dai tafi da lema."

A banki, ma'aikaciyar ta juyo masa da fuskar kwamfuta.

"Baba, sababbin takardu ne ribarsu ta ƙaru. Taka tana nan yadda kuka yi da su. In ma yau za ka sayar, farashinta ya faɗi."

"Faɗi kuma? 'Yata, ba gwamnatin ɗaya ba ce?"

"Ita ce. Amma wa zai sayi taka da tsada, ga sabuwa da ta fi ta biya?"

Ya sha ganin yadda tsohuwar mota ke zubar da daraja ranar da sabon samfuri ya shigo.

"In na jira fa?"

"Saura shekara uku, su ba ka kuɗinka cif."

"Ba ki san matata ba."

Rabin takardar ya sayar, a kan asara, yana sa hannu kamar ana cire masa haƙori. Rufin ɗaki ɗaya kawai kuɗin suka isa. Da kafinta ya tambayi wanne za a rufe, matar ta riga Direba nuna nata ɗakin.

Direba ya ja gadonsa zuwa lungun da ba ya ɗiga, ya karɓi aron tukwane biyu daga wajenta, da sharaɗin zai riƙa dawo da su kafin a ɗora girki.