Gurun Malam Harisu

Alheri ta wani ƙauye kusa da Ketare mace ce da ba ta iya rabin abu. Da ta shiga coci, da ƙafa biyu ta shiga. 'Ya'ya biyu ta binne kafin ta haifi Mamuda, shi ya sa surukarta ta ɗaura wa yaron laya a wuya irin ta gidansu, wadda ake ɗaura wa ɗan wabi don ya zauna.

Malam Harisu, malamin firamare mai yi musu wa'azi ran Lahadi, shi ya hango layar. Ya ce jaraba ba ta zuwa da ƙaho, da muryar mai ƙaunarka take zuwa. Ya ce wanda Allah ke tsaro bai buƙatar fatar akuya. Alheri ta tsinke layar da hannunta, Malam ya jefa a wuta gaban jama'a, aka yi waƙa.

Da damina ƙyanda ta ɗauke Mamuda. Surukar ta daina cin tuwon hannunta. Malam ya ce gwaji ne, ta daure, ta kuwa daure. Da ta haifi Talatu, tsohuwar ta kawo wata layar har da kuka, Alheri ta mayar mata, ta kwana tana addu'a da tsoro fal cikinta.

Shekarar Udoji, da aka ƙara wa ma'aikata albashi, Malam ya sayi sabon babur, sai ƙyalli yake. Ranar kasuwar Kankara yashi ya kwashe shi daidai gonar Alheri. Ita ta fara isa, Talatu a goye. Ta yage rigarsa don ta tsayar da jinin, sai ga guru a ƙugunsa, layu bakwai jere, fatar ta yi baƙi da gumi. Ba na jiya ba ne. Ya girmi babur, ya girmi Mamuda.

"Uwar Talatu, ki rufa mini asiri," in ji shi. "Hanyar nan ba ta da kyau."

"Malam, ranar da ka ƙona ta ɗana, wannan na jikinka?"

Ta ɗaure raunin tsaf, ta ja rigar ta rufe gurun, ta kira masu wucewa. Ba ta gaya wa kowa ba, amma abin ya ci ta har ƙashi. Ba ta ce laya za ta ceci Mamuda ba. Abin da ya ƙona mata rai shi ne, ita kaɗai aka bari da Allah, shi yana da abin riƙo a ɓoye.

Ran Lahadi ta zo coci, wuyan Talatu ba komai. Malam ya ɗingiso ya miƙa hannu zai sa wa yarinyar albarka. Alheri ta juya goyon.

"Bar ta, Malam. Mai tsaronta ɗaya ne, kai naka takwas."