Garin Rijiya

Me ya hana ni buɗe baki ranar da baƙin nan suka zo? Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yau ban samu amsa ba. Ban yi lakol ba, ban iya rubutu ba. Ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Maigidana tela ne. Daga Damagaram muka zo Yamai, ya kama shago a unguwar Kalley. Da ragowar ƙyallayen mutane ya ɗinka wani babban zane mai kogi a tsakiya, da masarautu biyu, da garuruwa. Maɓallai su ne sojoji, kwarkwaron zare kuma sarakuna. Bayan la'asar sai a shimfiɗa zanen a ƙofar shago, ƴan fadarsa su kewaye shi, ana shayi ana yaƙi. Kowane gari da labarinsa, kowane sarki da halinsa, duk a kansa suke.

A bakin kogin akwai wani ɗan gari na shuɗin ƙyalle, ya ɗinka masa rijiya da farin zare. Dokar wasan ita ce yaƙi ba ya shiga Garin Rijiya. Sojan da ya kai can ya tsira. Wani direban taksi, abokinsa, kullum sai ya yi ƙorafi.

“Tela, garin nan na surukinka ne? Bari in ci shi sau ɗaya mana!”

“Je ka ci fasinja,” in ji maigidana. “Nan ba a shiga.”

Ni kaɗai na san ƙyallen. Daga rigar ɗiyarmu ta fari ya yanko shi, wadda ƙyanda ta ɗauke tana shekara uku. Mu mutanen da ne, ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma nuna sonsa a gaban mutane. Da ranta bai taɓa ɗaukarta a bainar jama'a ba. Da ta tafi, sai ya ɗinka mata gari. Ni da shi ma ba mu taɓa zancen ba.

Da idonsa ya yi rauni muka koma unguwar Dar es Salam, nan Yamai. Ɗan wansa, wanda ya yi karatu, ya haɗa ƙaramin kamfani da abokansa. Suka buga zanen a kwali, suka zuba sojojin roba a akwati, ana saye. Maigidana ya ji daɗi, don sun bar dokar yadda take.

Daga nan ne masu yin wasan waya suka aiko mutum biyu da tafinta. Ɗan wansa ya yi bayani a tsakar gidanmu, ina gefe ina dama fura.

“Baba, ba sayarwa ba ce. Wasan naka ne. Za su ɗauki garuruwan da sarakunan da labarin, su sa a waya na wasu shekaru. Kamar aro.”

Aro kuwa mun san shi. In maƙwabciya ta ari tukunyar biki, wankakkiya take dawo da ita. Maigidana ya ce ya yarda, amma da sharaɗi guda: kada a taɓa Garin Rijiya. Tafinta ya juya maganar. Ɗaya baƙon ya yi murmushi, ya tambayi dalili.

Maigidana ya dubi ƙasa. “Haka dai yake.”

Ludayi na hannuna. Kalma shida ce: ƙyallen rigar ɗiyarmu ne, ta rasu. Kunya ta riƙe shi, ni kuma na ga bai dace in faɗi abin da shi ya kasa faɗa ba. Baƙin suka gyaɗa kai, aka yi musabaha, aka shafa fatiha. A wurin maigidana magana ta ƙare, an faɗa gaban shaidu. Takardar ta Faransanci ce, shafi da yawa, ya dangwala yatsa. Ba wanda ya ƙara layi ɗaya a ciki, har ɗan wansa, wanda ya ɗauka ƙa'idar tsofaffi ce kawai.

Bayan shekara ɗaya da wani abu ɗan wansa ya shigo da hantsi yana dariya, waya a hannu, shi ma bai buɗe ba tukuna, yana so mu gani tare. Ga kogin yana gudana kamar gaske. Ga Garin Rijiya, shuɗi, mata na ɗibar ruwa. Maigidana ya matso da fuskarsa yana murna. Sai mahaya suka shigo da wuta. Da wannan wasan yake farawa: a ƙone garin, a rufta rijiyar, don mai wasa ya samu dalilin ɗaukar fansa. Duk wanda ya kunna, sai garin ya ƙone tukuna.

“Kashe,” in ji maigidana.

Ɗan wansa ya rubuta musu. Suka amsa da ladabi cewa takarda ta ba su damar sauya labari, kuma ba su ga wannan sharaɗi a ciki ba. A ranar na gaya wa ɗan wan nasa ko ƙyallen rigar wa ne. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce, “Inna, da kun faɗa, da na sa an rubuta.” Wannan maganar ce ke cina har yanzu. Ban yafe wa baƙin ba, sun ji da kunnensu. Ban yafe wa kaina ba.

Yanzu ko a taksi nakan ji ƙarar wasan a wayar wani, in san garin na ci da wuta a hannunsa, shi kuma yana taunar gyaɗa.

Maigidana bai ƙara shimfiɗa zanen ba. Direban nan ya zo sau uku yana tsokanarsa, a banza. Ciwon da ya kwantar da shi na ƙirji ne, ban ce wasa ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Safiyar ranar da ya rasu, na kawo masa kunu bai sha ba. Ya nuna akwatin da zanen yake, ya nuna almakashinsa, na kawo kunne kusa da bakinsa.

“Ciro yarinyar nan daga cikin zanen, ki ajiye ta wurinki. Kada ki ba kowa aronta.”